Ƙwarin da ke tasowa daga bahar bayan magariba su mutu kafin asuba: mene ne su, kuma sai an yi feshi?

Ɗan Mai Wurno:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina neman bayani daga waɗanda suka san harkar ƙwari da ruwa. A lambunan da ke bakin bahar, wato kogi, a Mai Wurno ta Sudan akwai wasu ƙwari da ke tasowa bayan magariba su lulluɓe fitila, kuma iri biyu ne. Na farko ƙanana, tsawonsu bai fi na ƙwayar shinkafa ba. Suna lafewa a bango da fukafukai a tsaye a haɗe, da zare biyu dogaye a gindi, in gari ya waye sai a tarar da wata farar fata kamar ɓawo manne a inda suka kwana. Na biyu sun fi girma, farare fat, ba sa sauka a bango, sai dai su yi ta zubowa ƙarƙashin fitila suna shure-shure. Kafin a tashi daga hirar bayan isha sun mutu, wasu da wani dunƙule rawaya a gindinsu. Su waɗannan ba kullum suke fitowa ba, sai su yi dare biyu ko uku su ɓace.

Wasu na cewa nimitti ne, wasu na cewa shinge ne da ya yi kuskuren lokaci. Maƙwabta har sun fara maganar a haɗa kuɗi a sayo magani a fesa a bakin ruwa, ga kuma tafkunan kiwon karfasa guda biyu da ke shan ruwa daga wurin. Mene ne waɗannan ƙwari, daga ina suke fitowa? Suna cizo ko ɗaukar cuta? Suna ɓata shuka? Ana iya ba kifi ko kaji? Allah ya saka da alheri.

Malam Na Sinja:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yadda ka siffanta su ya fito da su sarai. Ba nimitti ba ne, ba kuma shinge ba. Su ne littattafan makaranta na Larabci ke kira zubabatu Mayu, ko bintu yaum, wato 'yar kwana ɗaya. Masana na kiran rukuninsu Ephemeroptera, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin gajeren kwana da fiffike. An san iri fiye da 3,000 a duniya, kuma tsohuwar zuriya ce ƙwarai, an samu burbushin kakanninsu a duwatsun da suka haura shekara miliyan 300.

Rarrabe su ba wuya. Shinge fukafukansa huɗu ne, tsayinsu ɗaya, yana kwantar da su a gadon baya, in ya sauka ya zubar da su ya shiga tafiya bibbiyu, kuma daga suri yake fita bayan ruwan sama. Nimittin da ke addabar mutanen Kartum ɗan mitsitsi ne kore, bai fi milimita 2 zuwa 3 ba, fiffike biyu, babu zare a gindi. Ita 'yar kwana ɗaya fukafukan gabanta manya ne masu kusurwa uku, na baya ƙanana ko ma babu su, ba ta iya kwantar da su sai dai ta tsayar, sannan ga zare biyu ko uku a gindi waɗanda sukan fi jikinta tsawo.

Maganar cizo, kwantar da hankalinka. Babbar da kake gani a fitila ba ta da bakin da ke aiki, ya shanye tun kafin ta bar ruwa, hanjinta ma iska ce cike a ciki. Abin da ba ya ci ba ya sha, ba zai ciji mutum ba, ba zai taɓa ganyen albasa ba, ba zai ɗauko cuta daga jinin wani ya kai wa wani ba. Illarsu guda biyu ce: in suka taru suka ruɓe suna wari kamar na kifi, sannan ƙurar busasshen jikinsu da ɓawonsu kan tayar wa masu asma da atishawa. A yayyafa ruwa kafin a share, mai asma ya bar wa wani sharar.

Sunan nan na 'yar kwana ɗaya shi ke ruɗa mutane, domin kwana ɗayan wutsiyar rayuwarta ce kawai. Kusan dukkan kwananta a ƙarƙashin ruwa take yin sa. Macen na saka ƙwai daga 'yan ɗaruruwa zuwa kamar 3,000, kowanne bai kai rabin milimita ba, da danƙo ko siraran zaruruwa a jikinsa da yake maƙalewa da su a dutse ko ciyawa. Wasu iri na tsoma gindi a saman ruwa suna saki kaɗan-kaɗan, wasu na yar da shi duka a dunƙule biyu, shi ne rawayan da ka gani. A jinsin Baetis kuwa macen na naɗe fukafukai ta gangara jikin dutse har cikin ruwa ta jera ƙwan a ƙarƙashinsa. A ruwa mai ɗumi irin namu ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwanaki zuwa 'yan makonni.

Abin da ke fita daga ƙwan, littafin Larabci na ce masa huriyya. Zan ce tsutsa don sauƙin magana, amma ba ta yi kama da tsutsa ba. Ƙafa shida gare ta, kowace da farce ɗaya tak, idanu biyu, zare uku a gindi a mafi yawan iri, sai wasu 'yan fallaye kamar ƙananan ganye jere a gefe biyu na ciki, har zuwa bakwai a kowane gefe. Da waɗannan fallayen take jan oksijin daga ruwa, in ka sa ta a farin faranti za ka ga wasu na kaɗa su ba tsayawa. Abincinta gansakukar da ke jikin dutse da ruɓaɓɓen ganye. Da yake fatarta ba ta buɗewa, duk girman da za ta ƙara sai ta yi saɓa kamar maciji, kuma tana yin ta sau 10 zuwa 50 gwargwadon iri da zafin ruwa, abin da ya fi na yawancin ƙwari nesa ba kusa ba. Ƙananan irin da ke kududdufai masu ɗumi na gamawa cikin makonni kaɗan. A ƙasashen sanyi sai shekara, babbar da ke kogin Tisa a Hangari kuwa shekara uku take yi a rami cikin yumɓun gaɓar kogi kafin ta fito a watan Yuni ta yi 'yan sa'o'i.

Sauro da malam-buɗe-littafi na da matakin kwanci tsakanin tsutsa da babba. Ita ba ta da shi. Fukafukanta na girma ne a cikin wasu 'yan jakunkuna biyu a gadon bayan tsutsar, in lokaci ya kusa sai su yi baƙi wuluk, ta daina ci. Iska ta taru tsakanin tsohuwar fata da sabuwa har ta riƙa ƙyalli kamar azurfa, ta taso saman ruwa ko ta hau kara, bayanta ya tsage, cikin daƙiƙoƙi mai fiffike ta fito ta tashi.

Nan ne abin mamakin, kuma shi ne amsar ɓawon da kake gani a bango. Wadda ta tashi daga ruwan ba ta gama zama babba ba. Fiffikenta dusasshe ne, lulluɓe da ƙananan gashi masu hana ruwa kama shi, tashinta ba ƙarfi. Sai ta samu bango ko ganye ta lafe, ta sāke saɓa har da fatar fukafukan, sannan ta fito da fiffike garau kamar gilashi. A duk ƙwarin da ke raye yau, su kaɗai ne ke saɓa bayan sun samu fiffiken tashi. Ƙanana irin Caenis na yin wannan cikin mintuna, wasu sai kwana ɗaya ko biyu.

Daga nan barbara ce kaɗai ta rage. Mazan na taruwa a sama kusa da ruwa suna hawa suna sauka, mace ta ratsa cikinsu, namiji ya taso ta ƙarƙashinta ya riƙe ta da dogayen ƙafafunsa na gaba. Kama ɗaya daga na bangon ka duba kansa: in ka ga wasu manyan idanu a tsaye a bisa kai kamar rawani, namiji ne na dangin Baetidae, da su yake hango mace a samansa cikin duhun magariba. Ƙananan naka na fi zaton Cloeon ne, masu fiffike biyu kacal. Macen wasu irinsu ta fita daban, tana riƙe ƙwan a cikinta kamar mako biyu, in ta sake shi a ruwa nan take yake ƙyanƙyashewa. Fararen manyan kuwa na bar wa masu harkar kifi, sun fi ni sanin su.

Baffan Kosti:

Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ɗana, fararen nan da ba sa sauka a bango dangin Polymitarcyidae ne, kuma a ruwa kwantacce irin na sama da hazan ɗin Sinnar, wato madatsar ruwanta, wadda aka fi zato ita ce Povilla adusta, sananniya a tafkuna da manyan kogunan Afirka. Dalilin da ya sa ba sa sauka, ƙafafunsu na tsakiya da na baya sun shanye, ba sa ɗaukarsu. Daga tasowa har mutuwa a sama suke, kuma duka-duka abin bai fi sa'a ɗaya ko 'yan sa'o'i ba. Macen a wannan dangi ba ta ma tsayawa yin saɓar ƙarshen da Malam ya faɗa, da dusasshen fiffikenta ake barbararta ta zubar da ƙwai.

Masunta sun san tsutsarta ko da ba su haɗa ta da ƙwaron fitila ba. Ɗauko tsohon icen da ya daɗe a ruwa, ko karan da ya ruɓe, ka tsaga. Za ka ga ramuka masu faɗin milimita 2 zuwa 4, an shafe cikinsu da wani abu kamar siliki, a ciki ga wata fara mai taushi, tsawonta ya kai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, da haure biyu masu ƙarfi a gaba. Da hauren take sassaƙa icen, amma ba icen take ci ba. Tana kaɗa fallayen numfashinta ruwa na ratsa ramin, gashin ƙafafunta na gaba da na bakinta na tace gansakukar da ruwan ya kawo. Shi ya sa take yawaita duk inda aka datse kogi ruwa ya shanye itatuwa. Haka aka gani a tafkin Bolta na Gana da na Kainji a Najeriya bayan an tara ruwansu, har ta zama babban abincin kifi a can. Dazukan bagaruwa da ruwa ke shiga a gefen Bahar Azrak, wato kogin Shuɗin Nilu, wuri ne da ya dace da ita.

A nan take da ɓarna guda ɗaya, ita ce jirgin katako. Tana shiga ƙasa da layin ruwa, musamman inda katako ya fara laushi ko wajen haɗin allo da allo. Zuciyar bagaruwa ta fi jure mata, katako mai taushi shi ne abin tausayi. Maganinsa a jawo jirgin tudu a kifa shi a rana kwana biyu ko uku, duk na ciki za su mutu, a kankare inda ya ruɓe, a toshe, a shafa kwalta ko fenti, a bari ya bushe sosai kafin a mayar. Wanda ya shafa kwalta a kan jiƙaƙƙen katako ya yi aikin banza, cikin 'yan makonni za ta ɓamɓare.

Fitowar dare biyu ko uku da ka lura da ita ba haɗuwa ba ce. Binciken da aka yi a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya nuna Povilla na bin wata, ta fi fita a dare na biyu bayan cikarsa, wato wajejen 16 ko 17 ga watan Musulunci. Ba a duk tafkuna abin ke tafiya daidai haka ba, saboda haka ka rubuta kwanan watan Hijira duk daren da suka fito, wata uku ko huɗu a jere, za ka ga lissafin wurinku. Wannan lissafin ya fi kowane magani amfani, domin in ka san daren, sai a kashe fitilun da ke fuskantar ruwa daga magariba zuwa sa'a biyu, ko a sa ƙwan fitila rawaya a madadin fari mai shuɗi-shuɗi, a kafa guda ɗaya mai haske can nesa da wurin zama ta janye su.

Kifi kuwa, abincinsu ne tun fil azal. Kawara da ake fasikh (kifin gishiri) da ita, da shilbaya, da ƙurungu, da miligi mai dogon baki, duk suna cin tsutsar ko babbar. Rataya fitila a tsakiyar tafkin kiwo, santimita 30 zuwa 50 sama da ruwa, ba a gefe ba, don kada su zube a tudu kwaɗi su samu. Tarwaɗa za ta share su nan da nan, karfasa na ci amma ba kamar ta ba. Abin kiyayewa, in suka rufe saman ruwa kifi bai cinye cikin rabin sa'a ba, kashe fitilar ka kwashe ragowar da raga. In aka bari suka ruɓe cikin dare suna shanye oksijin, da asuba ka tarar da kifi a sama suna buɗe baki. Na kaji a shimfiɗa tabarma mai tsabta ƙarƙashin fitila, a ba su da safe, ko a baza a rana kaurin da bai fi yatsa ba. A buhu suna jiƙe, yini ɗaya ya isa su lalace.

Feshi kada a yi shi, ina roƙonku. Ƙwaron da zai mutu da kansa kafin asuba me za a kashe a jikinsa? Na gobe suna can ƙarƙashin kogi inda feshin ba zai ƙarar da su ba. Magungunan da aka fi samu a kasuwa, irin su saifametirin da deltametirin, dafi ne ga kifi ko da ɗan kaɗan ne ya shiga ruwa. Ragowar da aka wanke daga tankin feshi ɗaya na iya kwantar da tafkunan nan biyu.

Malama Ta Madani:

Sannunku da ƙoƙari. Baffa, ina tare da kai a kan feshi, sai dai ina so in toshe wata kafa kafin wani ya karanta ya ce tunda akwai su ruwan ya yi kyau a sha. Waɗannan ƙwari na ba da labarin oksijin da dafin magani da laka ne kawai. Ba sa faɗin komai a kan kwalara ko taifot ko tsargiya. Ruwa na iya cika da su kuma ya kwantar da gida guda. A tafasa ko a sa kulorin kamar kullum.

Kuma ba duka ne ke nuna ruwa mai kyau ba, sai an san wane dangi. Siffar tsutsar na faɗin inda take zama. Baetidae siriri ne jikinsu, suna iyo fit-fit kamar 'ya'yan kifi. Heptageniidae a baje suke kamar an danne su, idanu a bisa kai, suna manne wa dutse a ruwa mai gudu, in ka ɗaga dutsen sai su zagaya bayansa da sauri. Caenidae ƙanana ne masu rarrafe a laka, fallaye biyu masu kusurwa huɗu sun rufe sauran kamar murfi don kada laka ta toshe su. A ma'aunin SASS5 da ake aiki da shi a kogunan Afirka ta Kudu, wanda ke ba kowane dangi maki daga 1 zuwa 15, Heptageniidae na da 13, Oligoneuriidae masu tace ruwa mai gudu 15, Caenidae 6 kacal. Baetidae in iri ɗaya aka samu 4 ne, in biyu 6, in sun fi biyu 12. Jar tsutsar laka, dangin nimitti, 2 take da shi. An tsara ma'aunin ne don kogi mai gudu, kada a ɗora lambobinsa kai tsaye a kan magudanan ban-ruwa irin su tur'a ko Abu Ishirin, amma jerin wanda ya fi wani juriya yana nan daram.

Ga mai son dubawa da kansa. A samu raga mai ramin rabin milimita a ɗinka a firam mai faɗin santimita 30, gidan sauro ya yi faɗin rami, ƙananan na zurarewa. A tsaya a ruwan da bai wuce gwiwa ba, a kafa ragar a ƙasa bakinta na fuskantar inda ruwa ke tahowa, a tuttuɗe duwatsun gabanta da ƙafa minti biyu. A ciyawar gefe a ja ragar tsawon mita biyu, a laka da yashi minti ɗaya. A juye a farin faranti da ruwa kaurin yatsa biyu, a jira ya lafa, a duba minti goma sha biyar. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika farantin da taɓo, sai a ce babu komai alhali suna ciki. Kuma a sa dogon takalmin roba da safar hannu, domin tur'o'in Jazira gidan katantanwar tsargiya ne.

Kada a ruɗe da 'ya'yan ƙaramin mazari. Su ma abu uku ne a gindinsu, amma faffaɗa kamar ganye, gefen cikinsu sumul babu fallaye, kuma mafarauta ne, suna cin waɗanda muke magana a kai.

Abin da ke kashe su a wajenmu sananne ne. Ruwa mai zafin digiri 20 na riƙe oksijin kamar miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi, in kuma aka haɗa da kashin dabbobi ko ruwan masana'anta sai ya faɗi ƙasa warwas gab da asuba, lokacin da gansakuka ta kwana tana sha ba ta bayarwa. Sai maganin auduga da na kayan lambu da ke gangarowa, sai busar da tur'a, sai laka. Damirar Bahar Azrak, wato cikowarsa daga Yuli zuwa Oktoba, na binne duwatsu da abincin da ke kansu, shi ya sa ake fi samun su bayan ruwa ya washe. Tun da aka fara tara ruwa a babbar madatsar Habasha a 2020, lakar da ke isowa da yadda ruwa ke hawa da sauka sun canja, don haka rubutun kwanan watan da Baffa ya ce a yi yana da daraja fiye da yadda ake zato. A tafkin Iri na Amurka irin masu haƙa rami sun ƙare kusan kaf a 1953 saboda oksijin ya yanke a ƙasan ruwa, ba su dawo da yawa ba sai shekarun 1990 bayan an rage ƙazantar da ake zubawa. Ni a ganina shekarar da suka daina zuwa fitilarku ita ce ta tayar da hankali.

Ɗan Mai Wurno:

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Baffa da Malama. An fasa feshin. Saura biyu. Allunan sola na famfon lambu na wayar gari da irin dunƙulen rawayan nan manne a kansu, alhali babu fitila a wurin. Sannan ɗaliban makarantar unguwa na so su ga saɓar nan da idonsu. Ana iya kiwonsu a roba?

Malam Na Sinja:

Amin, ɗan'uwa. Na solar, ba haske ne ke jan su ba, ruwa suke zato. Ƙwarin ruwa na gane kogi ne ta yadda hasken sama ke dawowa daga shimfiɗaɗɗen fuskarsa, kuma baƙin abu mai sheƙi a kwance, gilashin sola ko sabuwar kwalta ko baƙar leda ko rufin mota, na mayar da hasken irin haka, wani lokaci ma fiye da ruwan. Masu bincike a Hangari sun nuna wannan a kan titin kwalta, daga baya suka nuna allunan da fararen layuka suka rarraba fuskarsu ba sa jan su sosai. A dararen fitowarsu a rufe allon da farin buhu ko zane daga faɗuwar rana, ai ba ya aiki a lokacin. Wanda ya riga ya manne a wanke da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi. In rana ta gasa shi sai an jiƙa ya yi minti goma, kada a sa ƙarfe a kankare.

Kiwo yana yiwuwa, amma a zaɓi Cloeon daga ciyawar kududdufi ko gefen tur'a mai kwanciya, domin suna kaɗa fallayensu su jawo wa kansu ruwa. Na jikin dutse a ruwa mai gudu galibi ba sa kwana a roba sai da famfon iska irin na akwatin kifi. A ɗebo da cokali ko ludayi, ba da yatsa ba, fallayen na tsinkewa. A zaɓi waɗanda jakunkunan fiffikensu suka yi baƙi, su ne za su fito cikin kwana ɗaya zuwa uku, yara ba za su gaji da jira ba.

Roba mai faɗin baki, ruwa lita biyu, zurfi kada ya wuce santimita 8, faɗin fuska ya fi zurfi amfani wajen shigar iska. Ruwan inda aka kamo su za a zuba. Na famfo in akwai kulorin yana kashe su cikin sa'o'i, in dole ne a bar shi a buɗe kwana biyu. Guda biyar zuwa goma sun isa. A sa dutse ɗaya mai santsin gansakuka da ɗan reshen ciyawar ruwa, kada a zuba gari ko burodi, ruɓewa zai yi ya shanye oksijin. A tsaya a tsince 'ya'yan mazari da ƙwaron ruwa mai ɓawo, ɗaya ya isa ya cinye duka cikin dare. A jingina kara biyu da suka fito sama da ruwa, a rufe da gidan sauro a ɗage kamar tafin hannu sama da baki. Zafi shi ne babban mai kisa. A ajiye a inuwa gindin zir, wato randar ruwa, ko a naɗe robar da jiƙaƙƙen buhu, a canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk kwana biyu da wanda ɗuminsa ɗaya da na ciki.

A riƙa leƙawa daga la'asar sakaliya zuwa isha. In mai dusasshen fiffike ta hau ragar, a sa mata tsinke ta taka da kanta, a mayar da ita kwalin takarda mai 'yan huji da ɗan jiƙaƙƙen tsumma a kusurwa. Kada a taɓa fiffiken, in ya murɗe ba za ta iya zare shi daga fatar ba. In kwalin ya bushe ƙarau sai ta maƙale rabi a ciki rabi a waje ta mutu. In kuma kwalba aka sa, gumin da ke taruwa a jikin gilashi na manne fukafukan. Saɓar kanta 'yan mintuna ce, tana sunkuyar da fukafukai gefe, bayanta ya tsage, ta zaro kanta a hankali, zaren gindi ne ƙarshen fita.

Wanda za a adana don a kai wa masani a sa shi a ƙaramar kwalba da sibirto (alkohol na asibiti) mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, tsutsa da ɓawonta da babban namiji tare, domin da namijin ake tantance iri. A rubuta wuri da kwanan wata da irin ruwan a 'yar takarda da fensir, a jefa cikin kwalbar. Tawadar biro narkewa take yi a sibirto.